Injin da Ba Shi Kuka

Wanda ya bar Sakkwato ya nufi Jega zai wuce ta gefen Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya kuma ratsa Boɗinga, sannan Shagari. Tsakanin waɗannan garuruwa biyu na ƙarshe akwai fili mai faɗi wanda, da zarar an girbe gero an kwashe kara, yakan koma shimfiɗa guda, babu itace sai jefi-jefi. A kan wannan fili ne aka kai ƙarshen wata gardama, ko kuma a ce ta sauya kama, tsakanin wani malamin kimiyya da ke koyarwa a wata sakandare a Boɗinga da kawunsa, makaniken injin ban-ruwa a Shagari. Gardamar a kan abin da mutane da yawa za su kira wasan yara ce: ƙaramin jirgin sama irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot, da me ya fi dacewa a juya farfelarsa, da mai ko da batir?

Ba neman nishaɗi ya kai malamin ga wannan ba. Shekara shida yana zana fiffiken jirgi a allo, yana jan kibiyoyi sama da ƙasa, yana gaya wa ɗalibai cewa iska ce ke ɗaga ƙarfen da ya fi tirela nauyi. Su kuma su rubuta, su haddace, su ci jarrabawa, ba tare da ko ɗaya ya gaskata a zuciyarsa ba. Filin jirgin saman Sultan Abubakar na Uku ba shi da nisa da su, kuma lokacin jigilar alhazai sukan hangi manyan jirage, amma wannan a wurinsu abin wata duniya ne. Shi abin da yake so shi ne su ga abin da aka yanka aka manna a gabansu ya rabu da ƙasa.

Gwajinsa na farko da farin soson nan da ake kare firji da talabijin a cikin kwali ya yi shi, da ɗan injin wani abin wasa, da baturan da ya ciro daga tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Jirgin ya yi gudu a ƙasa kamar zabuwa, ya ɗaga hanci, ya dungura. Ɗalibai suka yi irin dariyar da ladabi ba ya iya rufewa. Daga baya ya gane inda matsalar take. Batirin kwamfuta an gina shi ne ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i, kamar tulu mai ɗiga, jirgi kuwa bokiti guda yake so a kwara masa nan take.

Sai kwasar adashi ta zo kansa, kuɗin da suka kai albashin wata biyu. Maiɗakinsa ta amince a kashe su a kan jirgi, da sharaɗin cewa in wannan ma ya dungura, an rufe zancen. Ranar Juma'a ya hau babur zuwa Shagari ya shaida wa kawunsa, mutumin da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya kuma biya masa makaranta da kuɗin gyaran injuna. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya duƙa ƙarƙashin benci, ya jawo wani injin feshi mai amfani da fetur wanda wani manomi ya bar masa a madadin kuɗin aiki.

"Ga wanga," in ji shi. "Na wanke shi, na sake mashi fulogi. Ja guda shika tashi. Aje kuɗɗinka."

"Kawu, na lantarki nika son in saye."

"Na lantarki? Injin da ba shi kuka, ƙaƙa aka sanin ciwonai?"

Mayar da kyautar wanda ya rene ka ba ƙaramin abu ba ne, balle kyautar da ta fito daga sana'ar da ya rene ka da ita. Kuma tambayar dattijon ba ta jahilci ba ce. Don a gane nauyinta sai an san cewa kalmar "mai" a wannan fage abu biyu take nufi.

Mafi yawan ƙananan injunan da ake gani suna kururuwa a bidiyon masu wannan wasa a Turai da Amurka ba fetur suke sha ba. Abincinsu gauraye ne na metanol, da nitrometan wanda yawanci kan kasance kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari, da man shafawa kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Man shafawar na asali kuwa man zurma ne, zurmar nan da ke fitowa da kanta a bayan gidajenmu ba mai kula da ita. Fulogin irin wannan inji ba ya tartsatsi. Wata siririyar wayar filatinam ce a cikinsa, wadda ake jawo wa ja da batir mai bolt 1.5 lokacin tayarwa. Da inji ya kama sai a cire batirin, wayar ta ci gaba da zama garwashi saboda haɗuwarta da tururin metanol. Wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ne ya fito da wannan fulogi kasuwa a ƙarshen shekarun 1940, kuma kusan rabin ƙarni injin da ke amfani da shi ne sarkin fagen. Mai girman sisi 6.5, wanda bai wuce dunƙulen hannu ba, yakan juya farfela fiye da sau dubu goma a minti. Sai dai a Boɗinga wannan inji ya faɗi tun kafin a fara kokawa. Babu gidan man da ke sayar da abincinsa, kuma nitrometan na cikin kayan haɗari da ba a aikowa a ƙunshin saƙo kamar takalmi. Inji ne mai kyau da ba shi da abin ci a nan.

Na biyu shi ne na kawu, ɗan'uwan ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa fetur gauraye da man inji. Yana da fulogi mai tartsatsi da kafireto, kuma a jiragen rimot an fi samunsa daga sisi 20 zuwa sama. Abin da dattijon bai sani ba, wanda da ya sani da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, shi ne cewa masu wannan wasa na farko da suka koma fetur a Amurka abin da yake ba da shawara suka yi daidai: sun ciro injunan yankan ciyawa da na zarton itace, suka rage musu nauyi, suka ɗaura musu farfela.

Kuma lissafi na bayansa. Kilo guda na fetur na ɗauke da makamashin da ya kusa ninka na kilo guda na batirin litiyam sau 60. Gaskiya ne injin lantarki na mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ya sha zuwa juyi, ƙaramin injin mai kuwa da ƙyar yake kai kashi 20, saura ya tafi a zafi da hayaƙi da ƙara. Amma ko an cire wannan asara, mai na gaba da kusan ninki goma sha biyar. Ga kuma wata fa'ida: jirgin mai yana ƙara sauƙi yayin da tankinsa ke raguwa, batir kuwa nauyinsa guda ne, ko cike yake ko ya ƙare. A watan Agusta na 2003 wani dattijon Ba'amurke, Maynard Hill, mai shekara 77, wanda idonsa da kunnensa duk sun yi rauni, ya saki jirgin da ya ƙera daga Newfoundland ta Kanada. Nauyinsa har da mai bai wuce kilo 5 ba, injinsa sisi 10. Bayan sa'o'i 38 da minti 52 ya sauka a gaɓar Ailan, ya ci fiye da kilomita 3,000 a kan tekun Atlantika da man da bai cika galan ba. Babu batirin da ke kasuwa a yau da zai yi wannan shi kaɗai. Dalili ke nan da ya sa jirage marasa matuƙi da ake so su daɗe a sama, irin su Gulma da rundunar sojan sama ta nuna a Kaduna a 2013 da Tsaigumi na 2018, da injin mai aka yi su, alhali na kamfanin Zipline, waɗanda suka fara kai magunguna asibitocin jihar Kaduna a 2022, batir suke amfani da shi, domin tafiyarsu gajera ce, a je a sauke a dawo.

Malamin ya san duk wannan, shi ya sa ya kwana biyu bai iya ba da amsa ba. Abin da ya fara raba masa gardama shi ne sikeli. Ya ɗora injin feshin a kan na mai sayar da albasa, ya ga ya haura kilo. Inji mai wannan nauyi ba ya tashi shi kaɗai. Sai an yi masa jirgi mai fukafukan da suka kai mita 2, mai ƙashin katako da zai jure girgiza, kuma kafin a gama an kai kilo 5 ko fiye. Soso ba zai yi ba, don fetur na narkar da shi kamar gishiri a ruwa. Wannan ita ce tsohuwar matsalar duk mai ƙera abin tashi da kayan da ba don tashi aka yi su ba. Har yanzu ana tuna Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, wanda a 2007 labarinsa ya zaga duniya saboda jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa a Kano da injin Honda Civic. Jirgin ya ɗaga, abin da ya isa a jinjina masa, amma bai wuce ƙafa 7 ba. Injin mota yana da ƙarfi, sai dai rabin ƙarfin kan ƙare wajen ɗaukar kansa.

Bayan nauyi kuma akwai gaskiyar da masu sayar da kaya ba sa faɗa: duk mai koyon tuƙa jirgin rimot zai kayar da shi, ba sau ɗaya ba. Jirgin soso mai kilo guda in ya faɗi, a tsince shi, a manna da gam, gobe a sake. Jirgin katako mai kilo 5 in ya faɗi, wata uku na aiki ne suka koma itacen girki. In kuma cikin yara ya faɗi, da farfela mai tsawon zira'i tana juyawa, to ba zancen itace ake ba. Injin mai yana da wata ɗabi'a kuma, ta mutuwa a sama in allurar kafireto ba ta zauna daidai ba, kuma ba a tayar da shi daga ƙasa. Na lantarki ana kashe shi a sama, jirgi ya yi ta shawagi kamar shirwa, a sake kunna shi da ɗan yatsa.

Injin lantarki bai kasance haka tun asali ba. A 1957 Kanar H. J. Taplin ya tashi jirgin rimot mai batir a Ingila, amma shekaru da dama bayan haka irinsa bai wuce abin kallo ba, don batiran lokacin nauyi gare su kamar dutsen niƙa. Abubuwan da suka juya al'amarin ba don jirgi aka ƙirƙiro su ba: maganaɗisu mai ƙarfi na neodimiyam a shekarun 1980, batirin litiyam da Sony ya fitar kasuwa a 1991, da arahar ƙananan na'urorin da ke sarrafa wuta. Abin da malamin ya yi oda daga Sin ta hannun wani ɗan kasuwa a Kano guda uku ne. Akwai injin kansa, wanda bai kai ƙwan kaza girma ba, kuma ba shi da burushin gawayin nan da ke cinyewa a injin niƙan kayan miya. Akwai ɗan allon da ke rarraba masa wuta ta wayoyi uku bi da bi. Sai batirin da ake kira LiPo, mai ɗaki uku, kowane ɗaki bolt 3.7. Minti goma zuwa sha biyar yake bayarwa a sama. Ga darasin aji guda, ya isa.

Amma a nan ne zancen kawu ya dawo da ƙarfinsa, domin batirin LiPo ba don Sakkwato aka yi shi ba. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Batirin yana ƙara zafi da kansa in yana aiki, kuma in ya kusa digiri 60 sai ya fara kumburi kamar fanke. Wanda ya kumbura ya tashi daga aiki. Wanda aka huda ko aka cika fiye da bolt 4.2 a ɗaki guda yana iya kamawa da wutar da ba ta jin magana. Ba a barinsa cike, ba a barinsa wayam, sai a tsakiya. Masu wannan wasa a ƙasashen waje jakar da ba ta cin wuta suke saya. Malamin randa ya samu, ya zuba yashi a gindinta, ya ajiye ta a lungun zaure, kuma da wuya a ce jakar ta fi ta, tunda randa ga sanyi ga rashin ƙonuwa. Matsalar wutar lantarki da ba ta zama kuwa ta zo da sauƙi fiye da yadda ya zata: yawancin cajojin irin wannan batir da bolt 12 suke aiki, wato kai tsaye daga batirin sola da mai cajin waya na bakin kasuwa yake da shi.

Abin da ba shi da magani shi ne dala. Farashinta ya tashi daga kusan naira 460 a watan Mayu na 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma kowane batir daga waje yake zuwa. Ko an lallaɓa shi, kwanansa ƙidayayye ne, ba kuma a gyara shi. Fetur ma ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023, amma ana samunsa a kwalba a kowace mararraba, injinsa kuma ana kwance shi a kan buhu a sake ɗaurewa. Da malamin ya koma Shagari ya yi bayanin zaɓinsa, yana kallon ƙasa, abin da dattijon ya ce bai wuce jimla guda ba.

"Abin da ba ka iya gyarawa, ba naka na ba. Haya kaka yi."

Wannan magana ta fi ƙarfin jirgin soso. Ta shafi wayar da ke aljihun kowa, da solar da ke kan rufin masallaci, da duk wani abu da ke zuwa mana a rufe, mu yi amfani da shi har ya mutu, mu jefar. Malamin bai da amsarta, kuma bai yi ƙoƙarin ƙirƙiro wata ba.

Abin da ya rufe zancen a ƙarshe bai shafi lissafin makamashi ba. Kukan da kawu ke so a ji shi ne ainihin abin da malamin ke gudu. A wani zamani ƙarar inji a sama yara take tarawa. Yanzu ba haka ba ne. A watan Disamba na 2024 wani hari ta sama da aka kai wa 'yan bindiga a ƙaramar hukumar Silame ya bar mutanen ƙauye cikin makoki, kuma labari irin wannan ba ya tsayawa a inda ya faru. Injin fetur mai kururuwa yana zagaye saman gonaki da sassafe zai iya tarwatsa mata daga bakin rijiya kafin a sami mai yi musu bayani. Tun 2016 ma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar da cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Malamin bai tsaya neman fatawar ko dokar ta haɗa da jirgin soso marar kyamara ba. Ya saɓa abinsa a kafaɗa ya kai gaban hakimi, daga nan ofishin 'yan sanda, aka juya shi, aka latsa fiffiken, aka ga ba komai a ciki sai waya. Ya zaɓi filin nan na hanyar Shagari ne don ya yi nesa da filin jirgin sama.

Ranar Asabar bayan asuba, kafin rana ta yi ƙarfi kuma kafin iskar hunturu ta taso, ya tsaya da ɗalibai goma sha wani abu. Iskar safe ta fi ta rana kauri, don haka ta fi riƙe fiffike. Wannan ma darasi ne da ya taɓa rubutawa a allo. Kawu ya zo a kan babur, ya tsaya gefe da hannuwa a baya. Wani ɗalibi ya ruga da jirgin ya wurga shi. Ya yi ƙasa kamar zai maimaita abin bara, sai ya miƙe, ya hau. Ba a jin komai sai wani siririn zuu kamar na zanzaro. Wata ɗaliba da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta tambaya, ba tare da ta sauke kanta daga sama ba, ko in an kashe injin zai faɗo. Malamin ya kashe. Jirgin ya ci gaba da tafiya, yana saukowa a hankali, har ya goga ciki a kan kunya.

Sau tara ya tashi cikin mako uku, ya karye sau huɗu, aka manna. A na goma malamin ya makara, rana ta ɗaga, kuma bai lura ba cewa maganaɗisun injin ya tsinci ɓurɓushin ƙarfe daga yashin da yake sauka a kai. Injin ya yi nauyin juyawa, ya yi zafi, ya yi warin ƙonewa, ya tsaya. Kuɗin adashi sun ƙare. Ya sa shi a aljihu ya nufi Shagari, ba don yana sa ran komai ba, sai don ya kamata wanda ya faɗi gaskiya ya ji cewa ta tabbata.

Dattijon ya karɓa, ya sunsuna, ya cire ɗan makullin da ke riƙe da sandar tsakiya, ya zare murfin. A ciki haƙora 12 ne, kowanne da naɗin jan waya, murfin kuma da maganaɗisu 14 a jere. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga ai fanka ta," in ji shi. "Fankar sama, an matse ta."

Ya aiki yaron shago wurin mai naɗin fanka ya karɓo waya mai kaurin wadda ta ƙone. Ya sa tabarau, ya fara warware naɗin haƙori na farko yana ƙirgawa a bayyane, malamin na rubuta adadin da inda kowane naɗi ya nufa a bayan kwalin fulogi. Injin feshin yana nan ƙarƙashin benci, an rufe shi da buhu. Dattijon ya ce kada a taɓa shi, akwai ranar da hannun yaron zai faɗa, a yi mai fukafukan mita 2. Aka kira la'asar suna kan haƙori na biyar.